Igiyar caja ta kamfani da ta kasuwa: wacce ta cancanci kuɗinta?

"Assalamu alaikum. Ina riƙe da Infinix mai cajin 45W, maiɗakina kuma iPhone 11 ce a hannunta. Igiyar da ta zo da wayata a kwali ta karye daga wuya, sai na sayi mai araha a bakin titi. Tun daga nan wayar sai ta kwana a caji kafin ta cika, kuma duk bayan wata biyu sai na sake sayen wata igiyar. Ita ma iPhone ɗin wani lokaci sai ta rubuto cewa ba ta yarda da igiyar ba. Na tambayi kuɗin ta kamfani, aka faɗa mini abin da ya ninka na bakin titi kusan sau goma. Da gaske ta kamfani ta fi, ko suna kawai ake saya? Kuma mai arahar tana iya lalata waya ko batir?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyi uku ka haɗa: me ya hana sabuwar igiyar ba wayarka wuta yadda ta saba, ko tsadar ta kamfani tana da dalili, sannan ko mai arahar tana iya jawo maka asara. Kafin a shiga ciki sai an gyara rabon, domin igiyoyin da ke kasuwa kashi uku ne. Akwai ta kamfanin da ya ƙera wayar, wadda 'yan kasuwa ke ce wa folo-kom idan a kwali ta zo. Akwai ta kamfanoni masu suna da adireshi irin su Anker, Belkin, Ugreen, Baseus da Oraimo, waɗanda sana'arsu ita ce kayan haɗin waya, kuma suna bin ƙa'idar da aka gindaya. Sai kashi na uku da ya cika tebura da baro: marasa suna, da waɗanda aka buga wa sunan Apple ko Samsung alhali kamfanin bai san da zamansu ba. Kusan duk kukan da ake yi da "igiyar kasuwa" a kan wannan kashi na uku yake, kuma daga alamun da ka bayar ita ka saya. Ta kashi na biyu kuwa tana yin kafaɗa da ta kamfani, wani lokacin ma ta fi ta ƙarko, a kan kuɗin da bai kai nata ba.

Abin da ke cikin robar

Idan ka fere igiyar USB ta gaskiya za ka tarar da jijiyoyi huɗu. Ja da baƙi su ke ɗaukar wuta, fari da kore kuma ta nan waya ke magana da kan caja ko da kwamfuta. Igiyar da take Type-C a duka ɓangarorinta tana da ƙarin jijiya ta biyar da ake kira CC, wadda ta cikinta ake sasanta yawan wutar da za a bayar. Kowace jijiya tarin siraran gashin jan ƙarfe ce da aka murɗe, kuma a kan wannan jan ƙarfen ne yawancin bambancin farashi yake, domin shi ne abu mafi tsada a jikin igiya, shi ne kuma abin da mai saye ba ya gani.

Ana auna kaurin jijiya da lambar AWG, kuma lambar a juye take: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Igiyar kirki tana da jijiyar wuta mai lamba 24, 22 ko 20. Mai araha kuwa 28 ce, ko ma abin da ya fi haka sirantaka. Kamar tiyon ban ruwa ne, komai ƙarfin injin da ke turowa, siririn tiyo mai tsawo ba zai kai ruwa da yawa ƙarshen fadama ba. A lissafi ga yadda abin yake. Jijiyar jan ƙarfe mai lamba 28 tana da turjiyar kusan om 0.21 a kowace mita. Wuta tana tafiya ta ja ta dawo ta baƙi, saboda haka igiya mai mita ɗaya tafiyar mita biyu ce, wato kusan om 0.43. Idan waya ta nemi 2A (A ma'aunin yawan wutar da ke gudu ne, V kuma na ƙarfin da ke turo ta), kusan 0.85V zai salwanta a hanya, 5V da ya fito daga kan caja ya iso wayar yana 4.15V. Yawancin wayoyi ba sa yarda wutar da ke shigo musu ta faɗi ƙasa da wajen 4.4V ko 4.5V, sai su rage abin da suke ja har ta daidaita. Ka ga waya ta koma jan 1A ko ƙasa da haka, alamar caji na nan a fuska, amma lambar ba ta motsi. A igiya mai lamba 24 asarar ba ta wuce 0.34V a kan wannan 2A ɗin, mai lamba 20 kuwa wajen 0.13V ce. Idan kuma igiyar mita biyu ce, ka ninka duk waɗannan lambobi biyu. Shi ya sa doguwar igiya mai araha ita ce mafi munin abin da mutum zai saya.

Wannan ma idan jan ƙarfen gaske ne. Da yawa daga cikin masu araha alminiyam ne aka yi wa shafen jan ƙarfe a waje. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka, kuma ba ya jure lanƙwasa, yana karyewa gashi bayan gashi. Wannan shi ne sirrin igiyar da ta yi aiki lafiya makon farko, ta fara sanyi a wata na biyu, daga baya sai an karkata ta ko an ɗora mata wani abu kafin ta kama. Akwai ma waɗanda baƙin ƙarfe ne aka shafe, su kam turjiyarsu ta ninka ta jan ƙarfe sau da yawa. Don a ɓoye wannan sai a kumbura robar waje, ko a yi mata saƙar zare mai sheƙi. Kaurin igiya a ido ba shaida ba ce, saƙar zaren ma haka.

Kwanan da wayarka ke yi a caji yana iya samun wani dalilin. Wasu igiyoyin jijiya biyu ce kawai a cikinsu, an cire fari da kore. Saurin caji iri-iri, ciki har da Quick Charge na Qualcomm da tsarin kamfanonin China da dama, ta waɗannan jijiyoyi biyu ake ƙulla shi. Idan babu su, waya ba ta da hanyar sanin irin kan cajar da aka haɗa ta da shi, sai ta tsaya a kan 5V, wani lokacin ta ja 0.5A kacal, wato 2.5W. Batir mai 5000mAh yana ɗauke da kusan 19Wh, ka raba da 2.5 ka ga awa takwas ta tafi, ban da abin da wayar ke ci tana kunne. Gane wannan ba wuya: haɗa wayar da kwamfuta, idan ta yi caji amma kwamfutar ba ta gan ta ba, jijiyoyin magana babu su ko sun tsinke.

Inda ta kamfani take da hujja

Ga waya mai cajin 10W, 15W ko 18W, kowace igiyar kirki ta wadatar, babu abin da ta kamfani za ta ƙara maka. Haka nan 25W na Samsung, igiyar Type-C zuwa Type-C mai 3A ta kowane kamfani mai mutunci tana ɗaukarsa. A ƙa'idar USB-C, igiya mai 3A tana kaiwa 60W, wanda ya fi ƙarfin abin da yawancin wayoyi ke buƙata.

Matsala tana farawa ne idan an haura 3A. Juya kan cajarka ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. Wayoyi masu 45W yawanci suna jan wajen 4A a kan 10V ko 11V. Ka tura 4A cikin waccan igiya mai om 0.43, kusan 7W zai koma zafi a jikin igiyar kanta, abin da zai iya narka roba. Don gudun haka ne kamfanoni suka sa kan caja ba ya sakin cikakken ƙarfinsa sai ya gamsu da igiyar. A tsarin da kowa ke bi, igiyar Type-C zuwa Type-C mai 5A tana da ɗan IC, wato ƙaramin guntun na'urar lantarki, a cikin kanta, ana ce masa e-marker, shi ke shaida wa caja cewa igiyar za ta iya. Cajin 45W na Samsung irin wannan igiyar yake so, kuma ta Anker ko Ugreen mai 100W ko 240W tana yi masa daidai, ba dole sai ta Samsung ba.

Amma kamfanoni da dama sun bi tasu hanyar. Oppo ta fito da VOOC a 2014, tana tura 4A a kan 5V ta igiya ta musamman, kuma OnePlus da Realme sun gaji tsarin. Huawei tana da igiyarta mai 5A, Xiaomi tana da mai 6A ta cajin 67W da 120W. Waɗannan galibi kai mai faɗi ne, wato USB-A, a ɓangaren caja, kuma an yi wa kan nasu wani ƙari da caja ke ganewa. Ka sa musu igiyar wani kamfani, ko da ta fi tasu tsada da inganci, za su yi caji lafiya amma a hankali. A nan kam ta kamfani tana da hujja, kuma duk wayar da ke alfahari da 45W zuwa sama ta kai mai faɗi, da wannan ido ya kamata a kalle ta. Infinix, Tecno da itel duk na Transsion ne, kamfanin da ke Shenzhen, Oraimo ma nasu ne, Carlcare kuma ita ce cibiyar gyaransu. Ta nan za ka fara neman igiyar da ta dace da kan cajarka, ka je da wayar da kan cajar a gwada a gabanka. Rubutun "6A" ko "120W" da kake gani a ledar igiyoyin baro kuwa tawada ce, babu wanda ya auna.

Ita iPhone labarinta daban ne

Tun daga iPhone 5 a 2012 har zuwa iPhone 14, Apple bakin Lightning take amfani da shi, kuma mallakarta ne. A cikin kan kowace igiyar Lightning ta gaske akwai ɗan IC da waya ke tambaya kafin ta karɓi wuta, tare da ɓangaren da ke tsare ta idan wutar ta zo ba daidai ba. Kamfanin da ke son ƙera igiyar iPhone ta halal sai ya shiga tsarin MFi, wato tsarin lasisin Apple, ya sayi wannan kan ta hanyar da Apple ta amince. Wannan ya sa igiyar Lightning ta gaskiya take da farashin da ba za ta sauko ƙasa da shi ba. Idan ka ga ana sayar da ita 'yan ɗaruruwan naira, IC ɗin da ke ciki kwaikwayo ne, kuma shi ke jawo rubutun da maiɗakinka ke gani. Wani lokacin wayar ta yarda da shi, wani lokacin ta ƙi.

Rubutun ba shi ne abin tsoro ba. Abin da ake gani a teburin gyara shi ne iPhone da aka daɗe ana yi wa caji da irin wannan igiyar, musamman a cajar mota ko lokacin da ake tayar da janareta, IC ɗin da ke kula da bakin caji ya ƙone. Masu gyaran fanel suna kiransa Tristar a tsofaffin iPhone, Hydra a waɗanda suka biyo baya. Alamunsa: waya ta nuna tana caji amma lamba ba ta hawa, batir ya riƙa zuba ko ba a taɓa ta ba, ko kuma ta mutu ta ƙi tashi sai an ciro batirin an yi masa caji a waje. Gyaransa aikin fanel ne na mai hannu da madubi, kuɗinsa ya sayi igiyoyin kirki da yawa.

Igiyar Apple mai mita ɗaya dala 19 ce a shagonsu na Amurka, mai mita biyu dala 29. Wani ɓangare na wannan kuɗin na aiki ne, wani kuma na suna da kwali da garantin shekara guda. A batun ƙarko kuwa, tsohuwar farar igiyarsu ba abin yabo ba ce, robarta tana da taushi, tana saɓulewa a wuya, kuma kowa ya ga irinta an naɗe da salatif. Ta Anker ko Belkin mai tambarin MFi kan da ke jikinta iri ɗaya ne da na Apple, wuyanta kuma sau da yawa ya fi ƙarfi. Ga iPhone 11, a nemi Type-C zuwa Lightning mai MFi da kan caja mai 20W, za ta kai kusan rabi cikin minti 30. Da kai mai faɗi ba za a taɓa samun wannan saurin ba, ko da igiyar Apple ce.

Daga iPhone 15 a 2023 Apple ta koma Type-C, bayan dokar Tarayyar Turai ta 2022 da ta wajabta baki ɗaya ga wayoyi daga ƙarshen Disamban 2024. Waɗannan ba ruwansu da MFi a igiya, ta Samsung ma tana yi musu.

Wani abu da ya kamata a faɗa a fili: mafi yawan abin da ake miƙo maka da sunan "orijinal ta Apple" a leda ko a farin kwali jabu ce. Ba a nan kaɗai ba. A 2016 Apple ta kai ƙara kotu a Amurka, ta ce a cikin kayan cajin da ta saya a Amazon da sunan nata ne, kusan kashi 90 cikin 100 na bogi ne. Idan a can haka abin yake, ka ƙiyasta Farm Centre a Kano, Banex a Abuja ko Computer Village a Legas, inda kaya ke bi ta hannu da yawa kafin su iso tebur. Wanda ya biya kuɗin orijinal aka ba shi jabu ya fi kowa asara, gara wanda ya sayi mai araha da saninsa. Apple tana buga "Designed by Apple in California" da ƙasar da aka haɗa igiyar da lambobi 12 a jikinta, wajen santimita 18 daga kan USB, amma masu jabu sun daɗe da koyon bugawa. Abin da ya fi ba su wahala shi ne haƙoran kan: na gaske sumul suke, gefensu a zagaye, ƙarfen kan kuma guda ɗaya ne babu haɗi. Na jabu suna da kaushi da kusurwa. Apple kuma tana da shafin MFi inda ake duba sunan kamfani da samfurin kaya, idan babu shi a can, tambarin kwalin ƙarya ne.

Tana lalata waya ko batir?

Igiyar da laifinta kawai sirantaka ne ba ta cutar da batir. Wayar ce ke yanke yawan wutar da za ta shiga batirinta, caji a hankali kuma bai taɓa kashe batir ba. Ɓarnar ta wasu ƙofofi take shigowa. Kan da ba a ƙera shi daidai gwargwado ba yana buɗa bakin caji ko ya lanƙwasa harshen da ke ciki, daga baya ko igiyar kirki ce sai ta riƙa lilo. Haɗin da bai kama sosai ba yana tartsatsi ƙanana yana zafi, shi ke baƙanta haƙori ɗaya a kan Lightning, shi ke narka bakin Type-C, musamman idan gumi ko damshi ya shiga. Zafi kuwa shi ne babban abokin gabar batir. Sai kuma igiyar da aka haɗa ba daidai ba tun daga masana'anta. A 2015 wani injiniyan Google, Benson Leung, ya shiga gwada igiyoyin Type-C da ake sayarwa, ya gano da yawa daga masu kai mai faɗi ba su da resista mai 56k da ƙa'ida ta ce a saka, wato ɗan abin da ke shaida wa waya iyakar wutar da za ta ja. Rashinta yana sa waya ta zaci an ba ta izinin jan 3A daga tsohuwar caja ko bakin kwamfutar da ba zai iya ba. A farkon 2016 wata igiya da aka juya wa jijiyoyin wuta ta ƙona masa kwamfuta, kuma a shekarar Amazon ta hana sayar da igiyoyin Type-C da ba su bi ƙa'ida ba. Irin wannan ya ragu sosai a kayan kamfanoni masu suna, amma kayan baro babu mai tantance su.

Haɗarin rai kuwa a jikin kan caja yake. Shi ke raba wutar gida mai 230V da hannunka. A 2016 cibiyar gwajin kayan lantarki ta UL ta gwada kawunan cajar Apple na jabu guda 400, uku ne kawai suka tsallake gwajin kariya. Idan kuɗinka ba zai sayi duka biyu masu kyau ba, fara da kai. A inda wuta ke zuwa da ƙarfi ta koma, ga janareta ga inbata, kan caja ne ke shan dukan farko.

Lissafin kuɗi

Mu ɗauka mai arahar naira 1,000 ce, tana yin wata biyu kamar yadda ka ce. A shekara ka kashe 6,000, kuma duk tsawon shekarar a caji mai sanyi kake. Mu ɗauka ta kamfani mai suna 4,000 ce ko 5,000, ta shekara ko fiye. Tun kafin a kawo maganar canjin bakin caji, mai arahar ta riga ta fi tsada. Akwai kuma abin da ba a sa wa farashi: idan wuta awa biyu take yi a unguwarku, igiyar da ke cika waya cikin awa guda da wadda ke buƙatar awa takwas ba abu ɗaya suke sayar maka ba. Haka ga mai kai waya shagon caji, ko mai dogaro da fawa-banki, domin duk wutar da ta zama zafi a igiya daga cikin abin da ya tara ta fita.

Amma hawan inganci ba ya bin hawan farashi har ƙarshe. Tsakanin ta baro da ta kamfani mai suna akwai tazara mai nisa. Tsakanin ta kamfani mai suna da ta masu wayar, in ban da batun cajin musamman da aka ambata, tazarar kaɗan ce ko babu. Kada kuma a yaudare ka da igiya mai tsada don an ce tana da saurin tura fayil. Yawancin igiyoyin caji, har da wadda ke zuwa a kwalin iPhone, USB 2.0 ne mai 480Mbps, kuma hakan bai rage musu komai a caji ba.

Yadda za ka gwada da kanka

Da farko ka tabbatar igiyar ce mai laifi. Ƙurar hunturu da audugar aljihu suna taruwa a ƙasan bakin caji su daskare, kai ya kasa shiga har ƙarshe. Kashe wayar, haska fitila, ka sa tsinken sakace na katako ka yi ta ciro dattin a hankali daga gefe. Ban da allura, ban da fil, suna iya haɗa haƙora ko su karce su. Igiyoyi da yawa da aka jefar lafiyarsu ƙalau.

Sannan ka yi gwaji da abu ɗaya kawai yana canzawa. Batir ya kasance tsakanin 20 da 50 cikin 100, domin daga wajen 80 waya da kanta take rage ja. Kan caja ɗaya, soket ɗaya, fuska a kashe. Sa igiya ta farko minti goma ka rubuta abin da ya hau, ka sa ta biyu haka. A Android manhajar Ampere tana nuna abin da ke shiga batir, masu gyara kuma suna da 'yar mitar USB da ake sakawa tsakanin kai da igiya ta nuna V da A kai tsaye. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai ƙi a gwada ba. Bayan minti goman ka taɓa kan igiyar ta wajen waya. Ɗumi kaɗan a cajin sauri ba komai ba ne, amma idan ba ka iya riƙe shi da yatsa, cire ta. Ka sa maganaɗisu a tsakiyar igiyar, idan ya kama, baƙin ƙarfe ne a ciki. A tsakiya fa, domin kawunan ko na igiyar kirki ne suna iya kamawa. Wannan gwajin ba ya tona asirin alminiyam, shi sai an yanka matacciyar igiya an kara gashin a wutar ashana: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, alminiyam zai lanƙwashe ya zube. Yana da amfani don ka san irin kayan da wani shago ke sayarwa. Duba wuya kuma, inda igiya ta haɗu da kai. A samu roba mai ɗan tsawo da ke lanƙwasuwa a hankali, domin nan ne kusan kowace igiya ke mutuwa.

An tsara bakin Type-C da na Micro-USB su jure sakawa da cirewa sau 10,000, saboda haka ba yawan amfani ke kashe igiya ba, yadda ake riƙe ta ne. A cire ta ta kai, kada a fizgo ta jiki. Kada a kwanta ana latsa waya tana caji an tokare wuyan igiyar da ƙirji ko katifa. Kada a naɗe ta tamau a jikin fawa-banki, a yi mata zagaye mai faɗin tafin hannu. Ga fawa-banki a nemi gajeruwa mai santimita 30, ga gida mita ɗaya ta isa. Idan wuya ya fara tsagewa amma jijiya ba ta fito ba, robar nan ta masu gyaran lantarki da ke tsukewa da zafi tana ƙara mata kwana. Idan ƙarfe ya bayyana, ko ta taɓa yin ƙauri, a jefar, salatif ba ya hana ja da baƙi haɗuwa a ciki.

A taƙaice ga gidanka: Infinix ɗin a nema mata igiyarta a Carlcare ko wurin dilan Oraimo na gaskiya, wadda ta kai yawan A ɗin da ke rubuce a kan cajarka, a gwada ta nuna cajin sauri kafin ka biya, ka karɓi rasit. IPhone ɗin a saya mata Type-C zuwa Lightning mai MFi da kai mai 20W. Daga nesa ba a iya yanke hukunci a kan ko bakin cajin wayoyin ya riga ya taɓu, wannan sai an sa mita. Idan an canza igiya da kai, an share baki, iPhone ɗin ta ci gaba da ƙin karɓa ko batirinta yana zuba cikin dare, kada a yarda a fara da canjin batir. A ce wa mai gyara ya auna abin da take ja a mita, ya gwada sabon bakin caji ba tare da ya rufe wayar ba, in bai canza komai ba sannan a duba IC ɗin caji.